SANA'AR TACE HOTO DA SAUTI: JAGORA GA MATASA DA IYAYENSU

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa halartar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katagum a Azare ya san cewa biki ne mai ɗaukar sa'o'i. Hakimai sukan zo da dawakansu ɗaya bayan ɗaya, makaɗa da masu algaita suna biye, ƙura ta tashi, jama'a suna ta kai da kawowa. Amma idan dare ya yi aka nuna wannan hawa a talabijin, sai a ga an gama shi cikin minti uku ko huɗu, kuma wanda bai je ba ya fahimci abin da ya gudana tun daga fitowar Sarki har komawarsa gida. To, wane ne ya zauna ya zaɓi waɗannan mintoci daga cikin sa'o'i masu yawa, ya jera su, ya daidaita ƙarar tambura yadda ba za ta danne muryar mai bayani ba? Wannan mutum shi ne mai tace hoto da sauti, kuma sana'arsa ce wannan ɗan littafi zai bayyana.

An rubuta shi ne domin samari da 'yan mata da suka gama sakandare suna neman abin yi, da kuma iyayen da ke jin ana ambaton aikin fim sai gabansu ya faɗi. An ɗauki Azare da ƙasar Katagum ta Jihar Bauchi a matsayin misali, amma abin da za a faɗa ya shafi kowane gari a Nijeriya inda ake da matasa masu basira da ƙarancin wuraren aiki.

MENE NE AIKIN BAYAN ƊAUKA?

Shirya fim ko shirin talabijin hawa uku ne. Na farko shi ne shiri, watau rubuta labari, da neman kuɗi, da zaɓen 'yan wasa da wuraren ɗauka. Na biyu shi ne ɗauka, lokacin da ake fita da kyamara. Na uku shi ne duk abin da ake yi bayan an ajiye kyamara har zuwa ranar da shirin zai isa gaban masu kallo. Wannan hawa na uku shi ake kira aikin bayan ɗauka.

Ya kamata mai karatu ya lura da wani abu game da kalmar tacewa, domin ana amfani da ita ta hanya biyu. Akwai tacewa ta hukuma, watau duba fim a ga ko ya dace a nuna wa jama'a. Akwai kuma tacewa ta sana'a, wadda ake rubutawa a ƙarshen finafinan Hausa cewa wane ne ya tace hoto, wane ne ya tace sauti. Wannan ta biyu ita muke nufi a nan.

Abin da ke fitowa daga kyamara kamar hatsi ne da aka kawo daga gona, ba a sussuka ba, ba a sheƙe ba. Akan ɗauki fitowa guda sau biyar ko sau goma, ba kuma a bin jerin labari wajen ɗauka, mai yiwuwa a fara da ƙarshen labari ranar farko saboda a ranar ce aka sami aron gidan da ake bukata. Talabijin a Nijeriya yana nuna hoto 25 a kowace daƙiƙa, watau hoto 1,500 a minti guda, fim mai tsawon minti 90 kuwa yana ɗauke da hoto 135,000. Mai tacewa shi ke yanke shawarar inda kowace fitowa za ta fara da inda za ta tsaya a cikin wannan tarin hotuna.

Kada a ɗauka wannan yanka da liƙi ne kawai. Wajen shekarar 1920 wani malamin fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya yi wani gwaji da har yau ake koyar da shi. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna fara'a ko baƙin ciki, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, sa'an nan da hoton gawar yarinya, sa'an nan da hoton wata mace. Masu kallo suka ce a na farko yunwa yake ji, a na biyu baƙin ciki, a na uku sha'awa, alhali fuskar guda ce ba ta sauya ba. Wannan ya nuna cewa ma'anar hoto tana fitowa ne daga abin da aka ajiye kusa da shi, kuma mai ajiyewar shi ne mai tacewa.

RASSAN SANA'AR

1. Tace hoto. Wannan shi ne uwar aikin. Mai tace hoto yakan kalli duk abin da aka ɗauko, ya ware mai kyau, ya jera bisa labari, ya zauna da darakta su yi ta ragewa har shirin ya zauna daidai lokacin da aka ba shi.

2. Tace sauti. Shi ne share hayaniyar janareta da kukan babura daga maganar 'yan wasa, da sake ɗaukar maganar da ta lalace a cikin situdiyo, da ƙara sautin da kyamara ba ta kama ba, kamar takun doki ko buɗe ƙyaure. Wannan dabara ta ƙirƙiro sauti da hannu ta shahara ne ta wurin Jack Foley, wani ma'aikacin kamfanin Universal a Amurka, har ake kiran ta da sunansa. Daga nan sai a haɗa magana da kiɗa da sauran sautuka, kowanne a ba shi gwargwadon ƙarfinsa.

3. Gyaran launi. Fitowar da aka ɗauka da hantsi da wadda aka ɗauka da la'asar launinsu ba ɗaya ba ne, ko da a labari a lokaci guda suka faru. Mai gyaran launi shi ke daidaita su, ya kuma tabbatar fatar baƙin mutum ta fito da kyanta, ba ta yi toka-toka ba.

4. Zane da dabarun kwamfuta. Su ne masu tsara sunayen da ke fitowa a farko da ƙarshe, da taswira da jadawali na shirin labarai, da goge abin da bai kamata ya fito ba, kamar wayar lantarki a fim ɗin da ke ba da labarin zamanin da.

5. Fassara a ƙasan hoto. Fim ɗin Hausa ba ya isa ga wanda ba ya jin Hausa sai da fassara, kuma gurguwar fassara ta sha jawo wa finafinai masu kyau dariya. Wanda ya ƙware a Hausa da Turanci, ko Larabci, ko Faransanci, yana da gurbi a nan.

6. Ajiya da adana tarihi. Shi ne kula da abin da aka ɗauka kada ya ɓace, da rubuta bayanin kowane faifai yadda za a same shi bayan shekaru.

A manyan kamfanoni kowane reshe da mutanensa. A garuruwanmu kuwa sau da yawa mutum ɗaya ke riƙe da uku ko huɗu, saboda haka ɗalibi ya san kowanne gwargwado, sa'an nan ya zaɓi ɗaya ya zurfafa.

YADDA SANA'AR TA SAMU A ƘASARMU

Dattawa suna tune da majigi, motar da ke zagayawa gari-gari tana nuna hotunan tsabta da noma a bangon fada ko filin kasuwa. Hukumar shirya finafinai ta mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939 ta taimaka wajen yaɗa wannan. A wancan zamani tacewa da almakashi da gam ake yin ta, a yanka zaren fim a liƙa da hannu. An buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, kuma a 1977 aka kafa Hukumar Talabijin ta Nijeriya, NTA, wadda ta haɗa tashoshin ƙasar a ƙarƙashin inuwa guda. A 1979 aka kafa Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya, mai hedkwata a Jos.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fito da Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan kasuwar finafinan Hausa ta buɗe, har aka laƙaba mata suna Kannywood a 1999. Kaset ya ba faifan CD wuri, faifan kuma ya ba wayar hannu da intanet wuri. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kuma kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, kuma yanzu finafinai masu yawa a YouTube ake sakin su kashi-kashi kowane mako. Kowane kashi kuwa sai ya bi ta hannun mai tacewa kafin ya fita.

DARASI DAGA SHAIHU UMAR

Mutanen Jihar Bauchi suna da dalili na musamman na kula da wannan batu. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, ɗan ƙasar Bauchi ne, kuma shi ya rubuta littafin Shaihu Umar da aka buga a 1934. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin fim da harshen Hausa. Bayan haka fim ɗin ya ɓace daga idon jama'a shekara da shekaru, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano zarurrukansa cikin tsofaffin kayan Hukumar Shirya Finafinai. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin a Jamus ta gyara shi, ta mai da shi na kwamfuta, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Abin lura a nan shi ne, aikin da ya ceto wannan fim aikin bayan ɗauka ne tsantsa: share ƙura da tsaga daga hoto, da maido da launi, da gyara sauti, da sanya fassara. Kuma sai da aka dangana da ƙwararrun wata ƙasa kafin a yi shi. Zaren fim yana ruɓewa, kaset yana yin fumfuna, zafi da laima suna cin su. A ɗakunan ajiya na gidajen talabijin da gidajen jama'a akwai kasakasan naɗin sarauta, da waƙoƙin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, da karatun malamai. Idan ba a sami 'ya'yan ƙasa masu ilimin ceto su ba, ranar da za a neme su sai a tarar ba abin da ya rage.

INDA AKE KOYO

Ɗan Azare ya yi sa'a, domin manyan makarantun wannan fanni guda biyu suna Jos, Jihar Filato, wadda ke maƙwabtaka da Jihar Bauchi.

Ta farko ita ce Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, wadda Hukumar Shirya Finafinai ta buɗe a 1995. Tana ba da difloma, tana kuma ba da digiri tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Ta biyu ita ce Kwalejin Talabijin ta NTA, wadda aka kafa a 1980 domin horar da ma'aikatan hukumar, daga baya ta buɗe ƙofa ga sauran jama'a, tana ba da difloma, da digiri tare da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Bayan waɗannan akwai sashen koyon aikin jarida a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, da Jami'ar Maiduguri, da Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero a Kano, da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello. Mai neman digiri yana bukatar kiredit biyar har da Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB. Da yake sharuɗɗa da kuɗin makaranta suna sauyawa, lalle ne ɗalibi ya nemi bayanin shekarar da yake ciki daga makarantar kanta, kada ya ba wani ɗan tsakani kuɗi da sunan zai samo masa gurbi.

Akwai kuma hanya ta biyu, watau zama a ƙarƙashin ƙwararre kamar yadda ake koyon ɗinki ko ƙira. Da yawa daga masu tace finafinan Hausa ta haka suka koya a situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos. Amfaninta shi ne hannu yana faɗawa da wuri. Illarta kuwa, yaro yakan gaji kuskuren maigidansa, kuma ba shi da takardar da zai nuna idan aikin gwamnati ya samu. Makaranta tana koyar da dalilin kowane abu, situdiyo yana koyar da sauri da haƙuri da masu kawo aiki. Wanda ya sami ikon haɗa biyun ya fi kowa riba.

ABIN DA ZA A FARA TUN DAGA GIDA

Ba sai an jira takardar shiga makaranta ba. Ɗalibin da ke Azare, ko Chinade, ko Madara, ko Gamawa, ko wanda ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, yana iya somawa yau.

Da farko ya koyi kallo irin na mai sana'a. Ya ɗauki fitowa guda ta fim ya kashe sauti, ya ƙirga sau nawa aka yanka hoto cikin minti ɗaya, ya tambayi kansa dalilin kowane yanka. Sa'an nan ya rufe ido ya saurari sautin kaɗai.

Na biyu, ya ɗauki wayar hannu ya je wurin maƙeri ko mai saƙar tabarma, ya nemi izini, ya ɗauki aikinsu na minti talatin, ya mai da shi minti biyu yadda baƙo zai gane yadda ake ƙera fartanya daga farko har ƙarshe. Ya nuna wa mutanen gida. Inda suka fara duban wani wuri, nan ne aikinsa ya yi rauni.

Na uku, ya riƙe karatun Hausa da Turanci da kyau, ya yawaita sauraron tatsuniya da karanta littattafan labari. Mai tacewa mai ba da labari ne, kuma wanda bai san inda labari ke ɗaurewa da inda ke warwarewa ba, tsadar kwamfutarsa ba za ta amfane shi ba.

KAYAN AIKI

Abin da ake bukata shi ne kwamfuta mai ƙarfi, da faifan ajiya na waje, da abin saurare na kunne mai kyau, da manhajar tacewa. Manhajojin da aka fi sani su ne Adobe Premiere Pro, da DaVinci Resolve, da Final Cut Pro, da Avid Media Composer. DaVinci Resolve tana da nau'in da kamfaninta ke bayarwa kyauta, wanda ya ishi mai koyo. A guji manhajar sata, domin laifi ne, kuma takan shigo da cutar kwamfuta.

Wutar lantarki babbar matsala ce, saboda haka mai shirin buɗe wurin aiki ya sa kuɗin sola ko janareta cikin lissafinsa tun farko. Ƙura da zafin bazara suna kashe kwamfuta, sai a rufe ta, a sa ta inda iska ke shiga. Ƙa'idar ajiya kuwa ita ce a yi kwafi uku na kowane aiki, ɗaya daga ciki a ajiye shi a wani gida dabam. Bikin aure ba a maimaita shi, wanda ya ɓatar da hoton bikin mutane ya ɓatar da sunansa.

INA AIKIN YAKE?

Akwai gidajen talabijin na tarayya da na jihohi, irin su NTA da BATV ta Jihar Bauchi, da tashoshi masu zaman kansu. Akwai masu shirya finafinai. Akwai ma'aikatun lafiya da gona da ilimi da ƙungiyoyin agaji, masu bukatar gajerun hotunan wayar da kai da Hausa da Fulatanci da Kanuri. Akwai 'yan kasuwa masu son talla, da makarantu, da malamai masu son a tsara karatunsu, da bukukuwan aure da suna da saukar karatu. Wani alherin wannan sana'a shi ne ba ta tilasta wa mutum barin garinsu. Ana iya ɗaukar fim a Kano a aiko wa mai tacewa a Azare ta intanet ko a mota, ya gama ya mayar.

Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Guraben aikin albashi kaɗan ne, yawancin masu sana'ar aiki-aiki suke yi, wata a samu, wata a rasa. Akan zauna sa'o'i masu yawa gaban kwamfuta, abin da ke gajiyar da ido da baya. Ba a cika sanin mai tacewa ba, yabo yakan tafi ga 'yan wasa. Akwai kuma masu kawo aiki su karɓa su ƙi biya. Maganin wannan shi ne a rubuta yarjejeniya kafin a fara, a bayyana kuɗi da ranar gamawa da yawan gyaran da za a yi, a karɓi wani kaso tun farko. Wanda ya buɗe wurin aiki ya yi wa sunan kasuwancinsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, domin ma'aikatu ba sa ba da kwangila ga wanda ba shi da rajista.

DOKA DA AMANA

An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa a 1993, ita ke duba fim ta sanya masa matakin shekarun masu kallo kafin a sake shi. Jihar Kano ta kafa tata hukumar a 2001. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta hana ɗaukar kiɗa ko hoton wani a sa cikin aiki ba da izninsa ba. Wajibi ne mai tacewa ya san waɗannan.

Bayan doka akwai amana. Wanda ya iya jera hoto ya iya sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba, ta hanyar yanke farkon maganarsa ko ƙarshenta. Ya iya ɗauko hoton rikicin wata ƙasa ya ce a garinmu ne. Irin wannan yana iya tada fitinar da za a rasa rayuka, kuma mai yinsa yana iya fuskantar shari'a. Haka nan hoton matan mutane a biki amana ne, ba a nuna wa abokai, ba a sa shi a intanet sai da yardar masu shi.

KIRA GA IYAYE

Yawancin tsoron da iyaye ke yi game da fim ya shafi fitowa gaban kyamara da yawon wuraren ɗauka. Mai tacewa a ɗaki yake aikinsa, kamar akawu ko tela. Saboda haka sana'ar ta dace da 'ya'ya mata, har da matan aure a cikin gidajensu. Mata sun daɗe a cikinta a ƙasashen duniya, misali Thelma Schoonmaker ta Amurka ta ci lambar Oscar ta tace hoto har sau uku. Kuma iyalai da yawa za su fi sakin jiki idan mace ce za ta tace hoton kamu ko wunin biki.

Uba ya binciki makarantar da ɗansa zai shiga, ko maigidan da zai zauna a wurinsa, kamar yadda zai bincika in da koyon kanikanci ne. Ya nemi a nuna masa aikin da yaron ya yi kowane wata uku. Idan ya ga ci gaba, ya taimaka masa da kayan aiki gwargwadon hali. Da yake da sanyin safiya ake kama fara, ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare ya fara gwaji da wayar da ke hannunsa tun bana, ya kuma rubuta wa makarantun Jos ko ya je da kansa ya karɓo bayanin shiga kafin lokacin rajistar JAMB ya zo.